Koyar da yara labarin Afirka a gida: a fara daga bakin Kogin Dilimi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da iyayen da suka ɗauki nauyin koyar da 'ya'yansu a gida, waɗanda nake ganin sun ƙara yawa a nan Jos tun daga lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris na 2020. Wasu tsadar kuɗin makaranta ce ta kai su ga hakan, wasu fargabar halin tsaro, wasu kuma ba su gamsu da tarbiyyar da ake bayarwa a makarantun da ke kusa da su ba. Ban zo in yanke hukunci a kan zaɓin kowa ba, ko da yake ya kamata kowane uba ya san cewa dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare na shekara 9, saboda haka wanda ya riƙe ɗansa a gida ya ɗauki alhaki mai nauyi. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma iyaye mata na unguwarmu sukan kawo mini takardun da suke sauko da su daga intanet domin in duba musu. Abin da na gani a ɓangaren da ya shafi nahiyar Afirka shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Yawancin waɗannan takardu an shirya su ne domin yaran Amurka da Ingila, kuma a cikinsu Afirka darasin 'yan kwanaki ce: dalar Fir'auna a Masar, zaki da giwa da raƙumin dawa, hoton 'yan ƙabilar Masai suna tsalle, daga nan sai a wuce zuwa wata nahiyar. Mai yiwuwa wannan ya wadatar da yaron da ba zai taɓa taka ƙasar nan ba, amma idan aka ɗora yaron Unguwar Rogo ko Gangare a kan irin wannan karatu, an mayar da shi baƙo mai leƙen gidansu ta taga. Iyayen da suka lura da wannan matsala sukan koma ga hanyar da aka bi da mu a da, wato haddar sunayen ƙasashe 54 da manyan biranensu. Yaro zai rera maka Wagadugu da Antananaribo ba gargada, amma idan ka tambaye shi me ya sa ake noma dankalin Turawa a Bokkos ba a noma shi a Lafiya, sai ya yi shiru. Labarin ƙasa ilimin dalili ne: me ya sa ruwa ya bi nan bai bi can ba, me ya sa mutane suka zauna a wannan wuri, me ya sa suke cin abin da suke ci. Sunayen birane sukan zauna a kai da kansu idan dalilan suka zauna.

Tun kafin a shiga darasi akwai gyaran da ya kamata a yi wa taswirar da ke rataye a bango. Mafi yawan taswirar duniya da ake sayarwa a kasuwa an zana su ne bisa tsarin da Gerardus Mercator ya fito da shi a 1569 domin amfanin matuƙan jiragen ruwa, kuma wannan tsari yana kumbura ƙasashen da ke can arewa da can kudu, yana barin na tsakiyar duniya kamar sun tsuke. Shi ya sa tsibirin Girinland yake bayyana kusan daidai da Afirka, alhali faɗin Afirka ya kai murabba'in kilomita miliyan 30, wato ta ninka tsibirin kusan sau 14. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran da ake yi na a daina amfani da wannan taswira a makarantu. Uwa za ta iya nuna wa ɗanta tushen matsalar da lemo guda ɗaya: a zana nahiyoyi a jikin ɓawon da biro, a ɓare shi a hankali, sannan a ce wa yaron ya shimfiɗa ɓawon a kan faranti. Zai ga ba ya shimfiɗuwa sai ya yage ko an ja shi, kuma daga ranar zai san cewa duk taswirar da ke kan takarda ta ɓata wani abu na siffar duniya. Bayan haka sai a gaya masa cewa Najeriya, duk da faɗinta na murabba'in kilomita 923,768, za ta shiga cikin Aljeriya fiye da sau biyu da rabi.

Inda nake so in daɗe, Malam Edita, shi ne batun ruwa, domin a nan ne Allah ya ba yaron Jos abin da yaran garuruwa da yawa ba su samu ba. Garinmu yana zaune ne a kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, tsaunukan Shere kuma sun kai kimanin mita 1,800, kuma ruwan saman da ya sauka a wannan tudu yakan rabu ya kama hanyoyi daban-daban. Wanda ya gangara yamma yana shiga Kogin Kaduna, ya ratsa garin Kaduna, ya juya injinan wutar lantarki a madatsar Shiroro, ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nufe. Wanda ya gangara gabas yana shiga Kogin Gongola, ya bi ta Dadin Kowa, ya haɗu da Binuwai a Numan, Binuwai kuma ya haɗu da Kwara a Lokoja, su tafi tare zuwa Tekun Atlantika. Shi kuwa Dilimi, wanda yara suke tsallakawa a kan gada kullum ba tare da sun kula da shi ba, arewa maso gabas ya nufa: yana shiga Kogin Jama'are, ya malala cikin fadamun Haɗeja da Nguru inda kaso mai yawa na ruwan yake tsayawa, abin da ya rage kuma ya bi Kogin Yobe, ya yi iyaka tsakanin Najeriya da Nijar ta wajen Diffa, har ya isa Tafkin Cadi, wanda ba shi da mafita zuwa teku.

Ana iya koyar da wannan a tsakar gida ba tare da an sayi komai ba. A tara yashi a yi tudu, a daddanna shi, a ba yaro buta ya zuba ruwa a hankali a kan ƙololuwar, ya ga yadda ruwan yake rabuwa yana saran hanyarsa ta ɓangarori daban-daban. Sai a ɗauki gawayi a ja layukan a ƙasa, a ajiye tsakuwa a matsayin Kaduna, wata Numan, wata Lokoja, a sa murfin kwano a matsayin Tafkin Cadi. Yaron da ya yi wannan da hannunsa ya shirya karɓar sauran kogunan nahiyar, domin tambaya ɗaya ce zai riƙa yi musu: daga wane tudu ka taso, kuma su wa ka ratsa? Kwara, wanda tsawonsa ya kai kusan kilomita 4,200, yana tasowa ne daga tsaunukan Gini, tazarar kilomita 240 kacal daga teku, amma sai ya juya wa tekun baya ya nufi hamada, ya bi ta Bamako, ya wuce kusa da Timbuktu, ya karkato ta Gawo da Yamai kafin ya shigo mana ta jihar Kebbi. A bakin wannan lanƙwasa ne daulolin Mali da Songai suka yi ƙarfi, kuma yaro zai iya gano dalilin da kansa idan aka tambaye shi me zai faru a wurin da kwale-kwale da raƙumi suka haɗu.

Daga nan maganar takan kai ga abin da yara suke ji a rediyo. Duk lokacin da ambaliya ta ci Lokoja da Makurɗi, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, ana ambaton madatsar Lagdo da ke Kamaru, inda Binuwai ya taso. Saɓanin da ke tsakanin Habasha da Masar a kan babbar madatsar da Habasha ta gina a reshen Kogin Nilu irin wannan magana ce, ta na sama da na ƙasa a kan kogi guda. Tafkin Cadi kuwa, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya tsuke matuƙa a lokacin farin shekarun 1970 da 1980, masunta da makiyaya da manoma na ƙasashe huɗu suka shiga matsi. Yaro ɗan shekara goma yana iya fahimtar wannan sarai idan an riga an nuna masa cewa ruwan bayan gidansu yana cikin lissafin.

Haka batun yanayi yake. Duk wanda ya taɓa gangara Hawan Kibo da yara a mota ya san inda ake fara tuɓe rigar sanyi, kuma wannan shi ne darasin: zafi yana raguwa da kimanin digiri 6 a duk hawan mita 1,000. Da wannan ƙa'ida guda yaro zai gane me ya sa Addis Ababa, wadda ta haura mita 2,300, take da sanyi fiye da Jos, me ya sa ake noman shayi a Mambila da tuddan Kenya, kuma me ya sa ake samun ƙanƙara a kan Dutsen Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 duk da yana kusa da layin da ya raba duniya biyu. Hazon hunturu da ke fasa mana leɓe yawancinsa ƙura ce da iska take kwasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, wanda busasshen gindin wani tsohon tafki ne, har wata ƙurar takan ƙetare Atlantika ta sauka a Kudancin Amurka. Kuma a watan Disamba da muke jin ɗari, mutanen Afirka ta Kudu suna tsakiyar lokacin zafinsu.

Idan aka zo ga al'adu, ɗakin girki ya fi kowane littafi sauƙin shiga. Accar da ake yin gwate da kunu da ita a Filato tana cikin tsofaffin hatsin Afirka ta Yamma, kuma ƙasar da ta fi kowa noma ta ita ce Gini, musamman a tuddan Futa Jalon, inda ƙasar take da duwatsu da ƙarancin taki kamar tamu. Tuwon masara shi ne abincin yau da kullum daga Kenya har Afirka ta Kudu, kowace ƙasa da sunan da take kiransa, alhali masara da rogo da dankali duk daga nahiyar Amurka aka kawo su bayan shekara ta 1500, dawa da gero kuwa 'yan gida ne. Ina ba iyaye shawara su tafi da yara kasuwar Farin Gada ko Taminus da ɗan littafi a hannu, su tambayi 'yan kasuwa daga ina dabino ya zo, daga ina kanwa, daga ina goro da manja da busasshen kifi, sannan a dawo gida a nemi wuraren a taswira. 'Yan kasuwarmu sun san hanyoyin nahiyar nan fiye da yadda muke zato.

Bahaushe ma ba baƙo ba ne a waɗannan hanyoyi, kuma abin takaici ne yaronmu ya tashi bai san haka ba. Fatake sun yi ƙarnuka suna zuwa Gwanja, a arewacin Gana ta yau, suna kai kanwa da tufafi suna dawowa da goro, kuma zango-zangon Hausawa da ke Kumasi da Akara sun samo asali ne daga irin wannan zirga-zirga. Ayarin raƙuma har yanzu yana ɗauko gishiri daga Bilma ya ratsa hamada zuwa Agadas. Maniyyata sun bi ƙasa da ƙafa ta Barno da Cadi da Darfur suna neman Bahar Maliya, da yawa suka zauna a Sudan, kuma garin Mai Wurno da ke bakin Nilu ya samo sunansa ne daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, domin ɗan ne ya jagoranci jama'a zuwa can bayan yaƙin Burmi na 1903. A kusan kowace unguwa akwai dattijon da ya je Kaulaha a Senegal ko Fas a Maroko, ko tsohon direban da ya sha kai kaya Yawunde da Njamena. A gayyato shi ya sha shayi ya ba yara labari, a ajiye taswira a gabansa yana nunawa. A nan ne kuma za a yi bayanin iyakoki: yaro ya san cewa Katsina da Maraɗi dangi ne, cewa sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa sarautar Maraɗi a farkon ƙarni na 19, kuma layin da ya raba su ya biyo bayan rabon da Turawa suka tsara ƙa'idojinsa a taron Balin na 1884 zuwa 1885.

Yanzu na zo ga abin da ya fi damuna, kuma ina roƙon iyaye su karɓe shi da kyakkyawar niyya. Makaranta, duk lalacewarta, tana zaunar da yaro a benci ɗaya da ɗan wata ƙabila da ɗan wani addini. Yaron da ake koyarwa a gida ya rasa wannan, kuma a gari irin Jos, inda tun bayan rikicin 2001 da waɗanda suka biyo baya unguwanni suka rabu bisa addini, rashin ya fi tsanani. Ba shi da amfani yaro ya san rawar Zulu da tufafin Abzinawa alhali bai san komai game da Birom da Afizere da Anaguta da yake zaune da su a gari ɗaya ba, ko kuwa abin da ya sani game da su shi ne abin da ya tsinta a hirar manya cikin fushi. Haka abin yake ga yaron Birom ko Angas da ake koyarwa a gida a wancan ɓangaren garin. Darasin al'adun Afirka daga maƙwabci yake farawa, kuma akwai abin da zai ba yara mamaki a nan: masana harsuna sun sanya Hausa cikin dangi ɗaya da Angas da Mwaghavul da Goemai, dukansu kuma suna da dangantaka ta nesa da Larabci da harshen Amhara na Habasha, yayin da Birom da Tarok da Irigwe suke cikin babban dangin da ya haɗa da Swahili da Zulu. Wato manyan dangogin harsunan nahiyar guda biyu suna cinikayya da juna kowace safiya a kasuwar Bukur.

Addini ma haka. Yaro Musulmi ya san cewa hijirar farko ta Sahabbai zuwa Habasha aka yi ta, wajen shekara ta 615, inda sarki Najashi, wanda Kirista ne a lokacin, ya ba su mafaka, kuma Kiristanci ya kafu a wannan ƙasa tun ƙarni na 4. Yaro Kirista kuma ya san cewa masallacin Ƙairawiyyin da ke Fas, wanda ya zama cibiyar ilimi, wata mace ce, Fatima al-Fihri, ta gina shi a 859. Abin da nake so iyaye su kiyaye shi ne harshensu a lokacin darasi. Idan aka ga hoton mutanen da shigarsu ko abincinsu ya saɓa da namu, kada kalmar farko ta zama ta ƙyama ko dariya. A tambayi yaro me yake gani ya sa suke gina gida da wannan abu, me ƙasarsu take fitarwa, wane irin zafi ko sanyi suke fama da shi. Fahimtar dalilin al'adar wani ba ta tilasta wa kowa barin aƙidarsa.

Gani ya kori ji, kuma Gidan Tarihi na Jos yana nan a tsakiyar gari tun 1952, lokacin da Bernard Fagg ya kafa shi domin adana sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, kuma shekarunsu sun haura 2,000. A gefensa akwai filin da aka kwaikwayi gine-ginen gargajiya na ƙasar nan, ciki har da ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Yaron da ya tsaya a gindin irin wannan gini na ƙasa, ya taɓa bangon da hannunsa, idan aka nuna masa hoton hasumiyar Agadas ko babban masallacin Jenne da ke Mali, wanda mutanen gari suke taruwa su yi wa yaɓe kowace shekara, zai gane cewa fasaha ɗaya ce ta ratsa yankin Sahel gaba ɗaya. Zai fi kyau gidaje uku ko huɗu su haɗa yaransu su je tare, kuma idan da hali a haɗa da gidan da ba addini ɗaya ake yi ba.

Saura batun kayan aiki, wanda ya fi ƙarfin iyaye su kaɗai. Uwar da karatunta na boko bai yi zurfi ba tana iya koyar da duk abin da na ambata idan ta same shi da Hausa, amma taswirar Afirka mai sunaye da Hausa tana da wuyar samu a shagunan littattafai, alhali a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Bature Clapperton taswirar ƙasashen da ke kewaye da shi da yadda Kwara yake gudana. Ina kira ga malaman sashen labarin ƙasa da masana harsuna na Jami'ar Jos, da takwarorinsu na jami'o'in Kano da Zariya, da su haɗu su fitar da taswirar Afirka ta Hausa mai nuna koguna da tuddai da tsofaffin hanyoyin fatauci, a kan farashin da talaka zai iya saya. Kai kuma, Malam Edita, roƙona gare ka shi ne ka ware rabin shafi a kowane mako domin yara, a ɗauki kogi guda ko ƙasa guda, a sa ƙaramar taswira da za a iya yankewa a liƙa a bango, da tambayoyi biyu ko uku da yaro zai je ya yi wa kakarsa ko mai shagon unguwa. Idan ka amince, a shirye nake in rubuta kashin farko a kan Dilimi da Tafkin Cadi ba tare da an biya ni ko kwabo ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa,
Unguwar Rogo, Jos.